Kada A Manta Da Ta Biyar

Sa'ad da Edita ya tare ni a bakin ɗakin malamai ya ce lalle bana sai na rubuta wani abu a shafin Hausa, na ce masa to. Ya tambaye ni a kan me. Na ce a kan wata mata Ba'amurkiya wadda ta yi shekara 21 tana horar da 'yan mata wasan golf. Ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Malam, mu da ragar ƙwallon hannunmu ma duk ɗinki ce, ina ruwanmu da golf?" Na san da yawa daga cikinku haka za su ce. To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Ba roƙo zan yi a saya mana sanduna a haƙa ramuka ba. Akwai wani laifi da na yi tun ina sabon malami, labarin matar nan kuwa shi ya sa na gane girmansa. Ina so in faɗa muku shi kafin ku fita gwajin koyarwa, don kada wani ya taka sawuna.

Bari in fara da bayanin wasan, don na san yawancinku ba su taɓa ganin ana yinsa ba. Ni kaina ban taɓa zama ɗan wasa ba, jaka na ɗauka. A Jos na tashi. Ran Asabar da Lahadi mu yara mu kan yi sammako mu tafi filin golf, mu tsugunna a bakin ƙofa muna jiran manya su iso da motocinsu. Wanda Allah ya ba sa'a sai wani ya yafuto shi, ya ɗora masa jakar sanduna a kafaɗa, ya yi ta bin mutumin har wajen awa huɗu. Abin da a ke ba mu ba shi da yawa, amma da shi na ke sayen littafin rubutu da fensir, ragowar kuwa in kai wa Inna.

Filin yana da faɗi ƙwarai, an raba shi kashi 18, kowane kashi da raminsa a ƙarshe. Ramin ɗan ƙanƙane ne, faɗin bakinsa inci huɗu da kwata. Ƙwallon kuwa fari ne mai tauri, bai kai ƙwan kaza ba. Mai wasa ya kan tsaya nesa da ramin, wani sa'i yadi 150, wani sa'i fiye da yadi 500, ya buga ƙwallon da sanda, sa'an nan ya bi shi da ƙafa. Inda ya tarar da shi, nan zai sake buga shi, har ya jefa shi cikin rami. Ba a yarda ya riƙe sanda fiye da 14 a jaka ba. A ƙasashen da ke da wadatar ruwa, kewayen ramin ciyawa ce mai laushi kamar darduma. A filin da na sani kuwa yashi ne aka cakuɗa da baƙin mai aka baje. Abin da ya raba wasan nan da yawancin wasanni shi ne mai kaɗan ke ci. Kowane bugu ana ƙidaya shi, wanda ya gama ramuka 18 da bugu 72 gwani ne, ya kuwa fi wanda ya gama da 80.

Har wa yau, alƙali ba ya bin kowa da usur. Abokin wasanka shi ke rubuta bugunka a kati, kai kuma ka rubuta nasa, in an gama kowa ya duba katinsa ya sa hannu. In ka sa hannu a kan adadin da ya kasa abin da ka buga, an fitar da kai daga gasa. In kuwa ya ɗara, to, ya zauna ke nan. A 1968, a babbar gasar nan da a ke kira Masters, wani gwani mutumin Ajantina, Roberto De Vicenzo, ya jefa rami na 17 da bugu 3, abokinsa ya rubuta masa 4, shi kuwa bai duba da kyau ba ya sa hannu. Bugu ɗayan nan shi ya hana shi yin kunnen doki da wanda ya zo na ɗaya. Jama'a duk sun gani da idonsu 3 ya buga, amma ba a gyara ba. Na kan ba 'yan ajina labarin nan kowace shekara, in na ga suna miƙo takarda ba su sake duba lissafinsu ba.

To, ga yadda na gamu da matar da na ke magana. Wata rana ina neman misalin da zan koyar da fitar da matsakaicin adadi, na gaji da misalin buhunan masara, sai na tuna da katin golf. Na shiga intanet ina duba sakamakon gasar mata ta jami'o'in Amurka, shekara bayan shekara. Can sai na ga sunan wata jami'a yana ta komowa: 1990, 1993, 1994, 1995, 1997, 1998. Na ce kai, wannan ba banza ba. Na bi sawu in ga ko wane ne ke horar da su, sai na tarar mace ce, sunanta Linda Vollstedt. Da na ƙara karantawa sai na ajiye alƙalami na gyara zama, don ashe malamar lissafi ce, abokiyar sana'ata.

Jami'ar ita ce Jami'ar Jihar Arizona, tana garin Tempe, dab da birnin Phoenix, kudu maso yammacin Amurka. Ƙasar hamada ce, zafinta da bazara ya kan wuce awo 40, mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba zai yi baƙunta a can ba. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne asalinta makarantar horon malamai ce irin tamu. An kafa ta a 1885, ta buɗe a 1886 da ɗalibai 33 da malami ɗaya tak. Sai a 1958 ta sami sunan jami'a. Saboda haka wanda ke raina kwalejin horon malamai, ya sani icen da ya ga ya yi rassa ya rufe hanya, da ƙwaya ya fara.

A jami'ar nan Linda ta yi karatun aikin malanta. Da ta gama sai ta kama aiki a wata makarantar sakandare da ke Phoenix, a ke ce mata Alhambra. Ta yi shekara goma a can tana koyar da lissafi, tana kuma horar da 'yan matan makarantar wasan golf. Ku lura da wannan da kyau. Aikin da aka san ta da shi a duniya, a matsayin ƙarin aiki ta fara shi, irin wanda a kan ɗora wa malami bayan an tashi daga aji, irin wanda mu kan yi ta zullewa muna cewa ba shi cikin takardar ɗaukarmu.

A cikin shekarun nan ne al'amarin wasannin mata ya sake a Amurka. A 1972 aka yi wata doka wadda ta hana kowace makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta nuna bambanci tsakanin maza da mata. Dokar ta shafi karatu, ta shafi wasanni, watau in za a kashe wa samari kuɗi a filin wasa, ba dama a ce 'yan mata su tsaya kallo. Sannu a hankali jami'o'i suka shiga kafa ƙungiyoyin mata, suna ɗaukar nauyin karatun waɗanda suka ƙware. A 1980 aka kira Linda ta koma tsohuwar jami'arta ta riƙe ƙungiyar golf ta mata. A 1982 kuma babbar ƙungiyar wasannin jami'o'in ƙasar, wadda a ke kira NCAA, ta fara shirya gasar golf ta mata. Kofin gasar nan shi ne wanda kowace jami'a ke hanƙoro.

Kada ku zaci da zuwanta ta fara kwasar kofuna. A 1985 dai wata ɗalibarta, Danielle Ammaccapane, ta zo ta ɗaya a duk ƙasar a lissafin mutum ɗaya ɗaya. Amma kofin ƙungiya sai da ta shekara goma tana nema kafin ta taɓa shi, a 1990. Shekara goma fa, jama'a! Yaron da aka sa aji ɗaya na firamare ran da ta kama aiki, ya kusa gama sakandare kafin ta ga abin da ta ke nema. Daga nan kuwa sai ƙofa ta buɗe. Suka ci a 1993 da 1994 da 1995, shekara uku a jere. A 1995 ɗin ma ba wanda ya kā da su a duk gasannin da suka shiga. A 1996 kofin ya kuɓuce musu, suka komo suka ɗauke shi a 1997 da 1998. Kofi shida ke nan cikin shekara tara. Bayan Danielle, ɗalibanta uku sun sake zuwa na ɗaya a ƙasar: Emilee Klein a 1994, da Kristel Mourgue d'Algue mutuniyar Faransa a 1995, da Grace Park mutuniyar Koriya ta Kudu a 1999. Ta ajiye aikin horarwa a 2001.

Wani zai ce ai sa'a ta yi, ta sami yara masu baiwa, su suka yi wasan, ita me ta buga? Gaskiya ne ba ta buga ko bugu ɗaya ba. Amma bari mu yi ɗan lissafi. A ƙa'idar jami'o'in Amurka ta zamanin Linda, ɗaliba ba ta wakiltar jami'arta fiye da shekara huɗu, wasu ma ba su cika huɗun sai su tafi su zama 'yan wasan kuɗi. Ashe ke nan 'yan matan da suka ci a 1990 babu ko ɗaya a cikin waɗanda suka ci a 1998. Kowace shekara gwanaye na fita, sababbi na shigowa, wasu ba su taɓa barin gaban iyayensu ba, wasu daga wata ƙasa da wani harshe. In manomi ya cika rumbu shekara ɗaya, a iya cewa damina ce ta yi kyau. In ya cika shi sau shida cikin shekara tara, iri kuwa yana sakewa, to, sai a je a tambaye shi yadda ya ke riƙe fartanya. Mu malamai mun fi kowa sanin wannan, don haka aikinmu ya ke: ajin da ka gyara ya tafi, a kawo maka wani ɗanye.

Da yawa daga cikin ɗalibanta sun yi suna bayan sun bar ta. Brandie Burton, wadda ke cikin ƙungiyar 1990, ta ci ɗaya daga cikin manyan gasannin mata na duniya har sau biyu, a 1993 da 1998. Grace Park ta ci wata irinta a 2004. Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wasu 'yan'uwa biyu. Babbar, Heather Farr, ta yi wasa a hannun Linda, ta fita ta zama 'yar wasan kuɗi, sai ciwon daji ya kama ta, ta rasu a 1993 tana da shekara 28. Ƙanwarta, Missy, tana cikin waɗanda suka ci kofin 1990. Bayan shekaru ta komo jami'ar a matsayin mataimakiyar mai horarwa, suka ci kofi a 2009. A 2015 aka ba ta shugabancin ƙungiyar, a 2017 ta ɗauko kofin da 'yan matanta. Watau ɗaliba ta zauna a kujerar malamarta, ta kuma yi abin da malamar ta yi. Ni a ganina wannan ya fi kofuna shidan nan daraja, don malamin da bai haifar da malami ba, aikinsa da shi za a binne.

Yanzu mun iso ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Golf wasan mutum ɗaya ne, kowa da ƙwallonsa, ba mai miƙa wa wani. To, yaya a ke yi ya zama wasan ƙungiya? Ga yadda a ke yi a jami'o'in can. Kowace jami'a ta kan kawo 'yan wasa biyar. Kowace rana duk biyar ɗin su yi ramuka 18, sa'an nan a jefar da adadin wadda ta fi yawan bugu a ranar, a tara na sauran huɗu. A zamanin Linda kwana huɗu a ke yi ana haka, jami'ar da jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ke da kofi.

Mai gaggawa zai ce ashe ta biyar ba ta da amfani, tun da ya ke zubar da nata a ke yi. Bari in ba ku misali. A ce ran farko sun buga 72 da 74 da 75 da 77 da 80. An jefar da 80, jimla ta zama 298. Kashegari gwanar tasu ta tashi da ciwon kai, ko iska ta kwashe mata ƙwallo ta jefa cikin ruwa, ta buga 83, ukun da ke biye da ita kuwa suka maimaita na jiya. In ta biyar an kula da ita, ta yi ƙoƙari ta buga 76, sai a jefar da 83, jimla ta zama 302. In kuwa an yi banza da ita, ta karaya ta buga 88, tilas a ƙidaya 83, jimla ta zama 309. Bugu bakwai ke nan a rana ɗaya, a wasan da bugu ɗaya ke raba mai kofi da mai komawa hannu wofi. Ba wanda ya san ranar da gwana za ta yi tuntuɓe, saboda haka ba mai horarwar da za ta daɗe tana cin kofi tana lura da huɗu kaɗai.

Daren da na gama lissafin nan ban yi barcin kirki ba, don ya tono mini abin da na daɗe da binnewa. A shekarata ta biyu da fara aiki, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, aka shirya gasar lissafi tsakanin makarantun yankinmu. Kowace makaranta za ta kawo yara huɗu da ɗaya ta ko-ta-kwana. Ina da wasu huɗu masu kaifin ƙwaƙwalwa, 'yan benci na gaba, waɗanda kafin in gama rubuta tambaya a allo hannuwansu na sama. Ta biyar kuwa na zaɓe ta ne don a cika takarda. Yarinya ce shiru-shiru, ba zan faɗi sunanta ba, ba ta faɗuwa jarrabawa, ba ta kuma zuwa ta ɗaya. Mun yi mako shida muna shiri kowace yamma. Kullum ita ke fara zuwa, ta share allo, ta zauna a gefe da littafinta tana kwafar abin da mu ke yi. Ni kuwa sai in ba huɗun nan alli, su yi ta fita suna warware tambaya, ina yaba musu, ina jin daɗin kaina.

Ana gobe gasa zazzaɓi ya kwantar da wadda na fi ji da ita. Da safe na kira ta biyar na ce ta shirya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni a cikin mota na ke ƙoƙarin cusa mata abin da ya kamata in koya mata cikin mako shida. Aka shiga zaure, jama'a cike, aka fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, kowace yarinya ta miƙe ta amsa kafin a buga ƙararrawa. Sau biyu layi ya zo kanta. Sau biyun ta miƙe, leɓenta na motsi, amma murya ba ta fito ba har aka buga ƙararrawa. Aka cinye mu da maki biyu.

A kan hanyarmu ta komowa, gaban 'yan'uwanta da direba, na juya na ce mata, "Ke kika kā da mu." Ta sunkuyar da kai, can ta ce a hankali, "Malam, na san amsar. Ban dai taɓa faɗi a gaban mutane ba. Tun da aka sa sunana ba ka taɓa kirana allo ba." Na daka mata tsawa na ce ta rufe mini baki. Kashegari shugabar makaranta, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta kira ni ofis ta ce, "Malam, sau nawa ka tsai da yarinyar nan ta yi magana a lokacin shiri?" Na ce, "Ranki ya daɗe, lokaci ne ya yi mana kaɗan." Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kyauta." Ba ta ƙara kome ba, ni kuwa na fita ina ganin na kare kaina. Daga ran nan yarinyar ta koma benci na baya, ban sake ganin hannunta a sama ba har aka ɗauke ni daga makarantar.

Shekaru suka wuce, abin ya fita raina, sai da katin golf ya komo mini da shi. Allah da ikonsa, bayan haka na je wata kasuwa sayen yadi, sai mai shagon ta fito ta rusuna ta gaishe ni da sunana. Ita ce. Na zaɓi yadi iri uku, kowanne da farashinsa, ta rage mini kashi goma cikin ɗari, kafin in ciro waya in latsa ta riga ta faɗi jimla, daidai ba kuskure. Na tsaya na rasa abin faɗi. Sa'an nan na ce, "Hajiya, akwai maganar da na faɗa miki a cikin mota, ban kyauta ba. Laifin nawa ne, ki yafe mini." Ta yi murmushi ta ce, "Haba Malam, ai ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba ta tambaye ni wace magana ba. Wannan shi ya tabbatar mini ba ta manta ba. Sana'arta tana tafiya, alhamdu lillahi, ba ta roƙon kowa. Amma na san na taɓa riƙe yarinya mai kan lissafi a hannuna, na rufe mata baki a ranar da ya kamata in buɗe shi. Da na sani ƙeya ce.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na ke so ku tafi da shi makarantun da za a tura ku. Cikin mako guda za ku gane 'yan benci na gaba, za su kuwa faranta muku rai. Ran da mai duba aiki ya zo, zuciya za ta ce ku yi ta tambayarsu su kaɗai, don darasi ya tafi sumul ku sami maki. Ku yi hankali da wannan zuciyar. Ku ɗauki rajista, ku riƙa sa ɗan ɗigo a gaban sunan duk yaron da kuka tambaya. In mako ya ƙare ku duba sunayen da ba su da ɗigo, da su za ku fara ran Litinin. Ku fara musu da tambaya mai sauƙi, ku ba su lokaci, kada ku bari 'yan gaba su fizge amsa daga bakinsu. Ni yanzu haka na ke yi, waɗanda na koya wa a nan sun san dalilin ɗigon da ke cikin rajistata.

Na biyu, kada ku yi saurin yanke ƙauna. Wadda ta ci kofi shida sai da ta yi shekara goma a sakandare, ta ƙara goma a jami'a, kafin na farko ya zo. Mu kuwa sai malami ya yi zango ɗaya ya ce yaran ƙauyen nan ba su da kai. Na uku, in an sha kaye, ku fara bincikar kanku kafin ku buɗe baki. Yaro ya kan manta darasin da aka koya masa, amma kalmar da aka muzanta shi da ita gaban 'yan'uwansa tana iya binsa har furfura.

Saura magana ɗaya. Kun dai ga sanarwar da ta daɗe a allo, ana neman malamin da zai kula da wasannin ɗalibai mata, har takardar ta koɗe ba wanda ya sa suna. Ni ma sau da yawa na wuce ta ina kau da kai, ina cewa ni malamin lissafi ne. Makon jiya na je na sa sunana, wata malama kuma ta yarda za mu yi tare. Golf dai ya fi ƙarfinmu, wasa ne mai cin fili da ruwa da kuɗi. Amma muna da ƙwallon hannu da ragarmu mai ɗinki, muna da filin gudu. Za mu riƙa haɗuwa ran Laraba da Asabar bayan la'asar, fili na mata ne su kaɗai a lokacin, kowace ta zo da suturar da ta dace da mutuncinta. Gwanaye su zo, muna murna da su. Wadda kuma ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba, take jin kunyar a gan ta, ita na fi so in fara gani, ita kuwa zan fara miƙa wa ƙwallon.

Iyakar abin da zan ce ke nan. Edita ya gafarce ni in na cinye masa shafi. Allah ya ba ku sa'ar gwaji, ya sa ku fi mu, ya kuma tsare mu daga zaluntar 'ya'yan mutane da aka ba mu amana. Amin.